Da An Yi Aikin Fa?

Maman Direba ta tsaya a tsakiyar matakala, ta jingina kafaɗarta da bango, ta gyara goyo. Yaron ya wuce shekarun goyo tuni. Ƙafafunsa suna reto har gwiwarta, kansa ya langaɓe gefe guda, miyau ya jiƙa mata bayan riga. Lif ɗin benen ya lalace, ofishin lauya kuwa yana can sama.

Inna, uwar mijinta, tana biye da ita da jakar kayan yaron, tana haki.

"Ni dai ban ga amfanin wannan wahala ba," in ji Inna. "Abin da Allah ya riga ya rubuta lauya ne zai goge shi? Dubi yadda kika wahalar mini da maigida tun safe." Ta kama tafin ƙafar jikan nata ta murza. "Sannu maigidana, miji na kaina. Yau kai ma ka shigo gari."

Yaron ya yi wani ƙara daga maƙogwaro, wanda 'yan gidan kaɗai suka san dariya ce. Shekararsa biyar, bai taɓa zama da kansa ba, bai taɓa furta kalma ba. Ubansa makanike ne, shi ya laƙaba masa Direba, don ba abin da ke sa shi farin ciki kamar ƙarar injin mota.

Wata mata ce a layin gashin ƙashi na asibiti ta ba Maman Direba labarin wannan ofishi, inda ake tsaya wa iyayen da aka yi wa sakaci wajen haihuwa. Wannan ne zuwanta na biyu. Baban Direba bai hana ta ba, bai kuma goyi bayanta ba. Cewa ya yi shi ba zai je ya tone tsohon miki a gaban mutane ba, in ta nace, Inna ta raka ta.

Ofishin ɗan ƙarami ne, fanka tana juyawa a sama da ƙyar. A kusurwa an shimfiɗa katifa mai rufin leda, kusa da ita ga kwandon kayan wasa. Da ganin katifar nan Maman Direba ta san ba ɗanta ne yaro na farko da aka kwantar a nan ba. Lauyar mace ce siririya mai tabarau. Ta taso da kanta ta tallabe kan yaron har aka kwance goyon.

"Barka da zuwa, Direba. Ina ka baro motar?" Ta juya wajen Inna ta ɗan rusuna. "Mama, sannu da hawa. Ku yi haƙuri da lif ɗin nan namu."

Akwai wani dattijo zaune a gefe da jaka a cinya. Lauya ta ce likitan yara ne da ya yi ritaya, ba shi da alaƙa da asibitin da aka yi haihuwar. Ya duba hoton ƙwaƙwalwar yaron da bayanan da aka samu daga asibitin, yanzu yana so ya ji daga bakin uwa, ya kuma ga yaron da idonsa.

"Ko kina so Mama ta ɗan jira a waje?" Lauya ta tambaya a hankali.

Maman Direba ta dubi yatsun hannunta. "A'a, ta zauna. Ai tana wurin."

Ta fara magana, muryarta ƙasa ƙasa. Da sassafe suka isa asibiti, ita da Inna, bayan faya ta fashe. Ta ga ruwan ba fari ba ne, kore kore ne, ta gaya wa nas ɗin da ke bakin aiki. Nas ta ce masu cikin fari sun cika raki, ta kwanta ta jira. Aka ce likita yana hanya. Rana ta take yana hanya, aka yi azahar yana hanya. Daga baya ta ji wata mai shara tana cewa yana can asibitinsa na kuɗi. Ta ji motsin yaron yana raguwa, ta roƙe su su yi mata aiki su ciro shi. Aka ce ba ita ce za ta koya musu aikinsu ba.

"Da yamma ta yi sai suka rikice," in ji ta. "Ɗaya ta hau gadon tana danna mini ciki da gwiwar hannu, ɗaya tana yi mini tsawa in yi nishi. Na yi, wallahi na yi, har na daina gani. Da ya fito bai yi kuka ba. Na ji suna ta bubbuga shi. Sai nas ɗin ta leƙo fuskata ta ce, kin gani ko, kin matse ɗanki da ragwancinki."

Inna ta gyara zama a kujera tana kallon tagar.

Abin da Maman Direba ba ta faɗa ba shi ne, nas ɗin ta maimaita wannan magana a bakin ƙofa, Inna kuma ta ɗauke ta ta kai gida. Inna ba muguwa ba ce. Ita ke tashi ta wanke wa yaron jiki in ya ɓata, ita ke zama da cokali tana lallaɓa shi ya haɗiye abinci. Amma duk wanda ya zo dubiya sai ta rage murya ta ce, yaran yanzu ba su da juriya, da ta daure da ba haka ba. Maman Direba tana ji daga ɗaki. Tun tana musu a zuciyarta har ta yarda. Shi ya sa ko da mutane suka fara tambayar yaushe za a yi wa Direba ƙani, ba ta taɓa amsawa ba.

Likita ya durƙusa a gaban katifar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya miƙar da hannun yaron da ke dunƙule, ya lanƙwasa ƙafafunsa, ya haska masa ido. Ya yi ƙarar mota da leɓɓansa, Direba ya wangale baki.

"Ana kula da yaron nan," in ji shi. "Ko gyambon kwanciya babu. Wa ke juya shi?"

"Ni da Inna."

Ya dafa tebur ya miƙe, ya ja kujerarsa ya fuskanci Maman Direba.

"'Yata, ki saurare ni da kyau. Kan yaron nan ya fi ƙarfin hanyar. Ko ƙarfin mata goma gare ki, nishi ba zai fito da shi lafiya ba. Koren ruwan da kika gani alama ce yaro ya galabaita a ciki, duk wanda ya koyi aikin nan ya san haka. Abin da ya kamata shi ne a shiga da ke tiyata tun da hantsi. Iskar numfashi ce ta yanke wa ƙwaƙwalwarsa a wannan jiran. Ba ke kika yi masa ba. Ke ce ma kaɗai a ɗakin nan kika faɗi abin da ya dace a yi."

Ta daɗe tana jiran wannan magana. A tunaninta ranar da ta ji ta, za ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Ta zauna tana sauraron zuciyarta, ba ta ji komai ba sai ƙarar fanka. Can ta ji bakinta yana tambaya.

"Likita, da an yi aikin fa?"

Dattijon ya dubi Lauya, Lauya ta sunkuyar da kai.

"Ki gaya mini," ta ce wa Lauya, sai ta juya wajen likita. "Ka gaya mini, Baba. Da an yi da hantsin, da yaya yake yanzu?"

"Allah ne masani," in ji shi. Ya cire tabaransa ya goge. "Amma tun da kin tambaye ni, ba zan yi miki ƙarya ba. Ban ga wani ciwo da aka halicce shi da shi ba. Lafiyayyen yaro ne ya shiga asibitin nan a cikinki. Da yanzu yana guje-guje yana hana ki sakat."

A shekarun nan duka ba ta taɓa barin kanta ta hango wani Direba daban ba. Wanda take da shi kaɗai ta sani. Yanzu sai ga shi an tsayar mata da shi a tsakiyar ofis, da ƙurar wasa a ƙafafunsa, yana jan gefen zanenta yana kiran Mama. Ta dubi katifa. Yaron yana kallon fanka, hannunsa ya sake dunƙulewa a ƙirji. Ta durƙusa ta goge masa miyau, ta daɗe tana gogewa bayan bakin ya bushe. Kukan da ya zo mata ba shi da sauti, kafaɗunta kawai ke rawa.

Lauya ta bar ta har ta lafa, sannan ta zuba mata ruwa a kofi.

"Ba zan ɓoye miki komai ba," in ji ta. "Shari'a irin wannan tana jan lokaci, kuma ba na yin alkawarin nasara. In mun ci, zai samu keken da ya dace da bayansa, da gashin ƙashi ba fashi, da mai taya ki kula da shi. Tafiya kam kotu ba za ta ba shi ba. Su kuma za su kare kansu. Za su ce kin zo a makare, za su ce an ba ki umarni kin ƙi bi. Lauyansu zai tsayar da ke a gaban mutane ya yi miki tambayoyin da ko mijinki bai taɓa yi miki ba. Saboda haka ina bukatar shaida, wanda ya ga lokacin da kuka isa, ya kuma ji abin da aka ce."

Ba wanda ya dubi Inna, amma kowa ya san da wa ake. Tsohuwar tana riƙe da jakar yaron a cinya, ta ƙanƙame ta da hannu biyu. Leɓɓanta sun motsa kamar mai lazimi.

"Wato ƙarya ta yi mini," in ji Inna a ƙarshe. "Ta dubi furfurata ta yi mini ƙarya, ni kuma na ɗauka na yi ta rabawa gida gida." Ta juya wajen Lauya. "'Yar nan, ni ban yi boko ba. Ana karɓar shaidar irina?"

"Ana karɓa, Mama. Abin da kika gani kawai za ki faɗa."

"To na gani. Rana ko fitowa ba ta gama yi ba muka isa. Sau nawa na je teburinsu ina roƙo, suna kore ni kamar kaza."

Suka shiga bas ɗin komawa. Direba yana kwance a kan cinyoyinsu biyu, kansa wajen uwarsa, ƙafafunsa wajen kakarsa, yana jin daɗin rurin inji. Da suka kusa mahaɗar da garejin Baban Direba yake, Inna ta buga jikin motar ta ce a sauke su.

Sun same shi a ƙarƙashin wata tsohuwar tasi, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Da ya ji muryar uwarsa ya zamo ya fito, baƙin mai har goshi. Ya goge hannu da tsumma, ya karɓi yaron ya zaunar da shi a cinyarsa kan benci, ya tallabe masa ƙeya da tafin hannu.

"Direba, ka dawo daga tafiya? Yaya hanya?"

Inna ba ta zauna ba. A tsaye ta gaya masa duk abin da likita ya ce game da kan yaron da koren ruwan da jiran da aka yi. Ta ce za a shiga kotu, kuma ita ce shaida, in yana da magana ya yi da ita.

"Yarinyar nan ba ta da laifi," in ji ta. "Ni na ɗora mata, kai kuma ka ji ka yi shiru."

Baban Direba bai ɗago ba. Ya daɗe yana shafa gashin yaron da babban yatsa. Mutum ne da bai iya doguwar magana ba. Tun da aka haifi yaron bai taɓa zargin matarsa da baki ba, bai kuma taɓa kare ta ba, kullum maganarsa ɗaya ce, haka Allah ya so. Maman Direba ta ga furfura a gefen kansa da ba ta san da ita ba.

"Ki yi haƙuri," ya ce wa matarsa, ba tare da ya dube ta ba. "Shi likitan, ya ce da an yi aikin da wuri fa? Da yaya zai kasance?"

Inna ta buɗe baki. Maman Direba ta riga ta.

"Ban tambaye shi ba," in ji ta.

Inna ta dube ta, ta daɗe tana dubanta, sannan ta mayar da bakinta ta rufe. Baban Direba ya gyaɗa kai a hankali, ya saki ajiyar zuciya.

"Wace rana za ku koma? Zan ari mota in kai ku."

"Lauya za ta kira," in ji Maman Direba. Ta zauna a ɗaya gefen bencin, ta buɗe jaka ta fara neman cokalin yaron, don lokacin cin abincinsa ya wuce.