Ranar da Gwaggo Ta Kai Ɗari

Tun ranar da Tela ya sayo 'yar motar nan, shekara goma sha ɗaya ke nan, matarsa ta laƙaba mata suna Gwaggo. Dalilinta shi ne motar ba ta son a gaggauta ta, kuma in aka tashe ta da safe sai ta yi tari sau uku kafin ta amsa. A samanta akwai kariya ta ƙarfe ta ɗora kaya, a jikin kariyar kuma Tela ya kafe allon shagonsa a tsaye, mai faɗin murfin kabad, da zanen almakashi da lambar waya.

Umma, kamar yadda kowa ke kiran matar, ba ta taɓa ganin laifin motar ba. Tana kai ta asibiti, tana kai ta wurin jikoki, me kuma ake nema? Shi ma maigidan bai taɓa damuwa ba, sai ranar da mai askin da ke maƙwabtaka da shagonsa ya wuce su a kan babur, har yana ɗaga musu hannu. Washegari mai askin ya ba duk wanda ya zauna a kujerarsa labari, ya ƙara da cewa ko daga saman dutse aka turo Gwaggo ba za ta kai gudun kilomita ɗari a awa ba.

Daga nan Tela ya shiga aiki. Ya ce nauyi ne ya hana ta gudu. Ya sauke safaya taya, ya fitar da tsohon keken ɗinkin da ya shekara biyu a but, ya kwashe har da tabarmin ƙafa. Ya fita gwaji ya dawo fuska a murtuke. Tamanin da biyar, kamar kullum.

Da za su gaishe da ƙanwarsa ranar Laraba, Umma ta lura yana satar kallonta yana kallon jakarta.

“Malam, faɗi abin da ke bakinka. Ni ma sauke ni za ka yi?”

“Ni na ce haka? Jakar dai nake gani ta yi ciki.”

“To ni da jakata tare aka ɗauko mu.”

Ta yi dariya, amma abin ya tsaya mata a rai. Shekara talatin da takwas tana tare da mutumin nan, ta san ba mai askin ne ya dame shi ba. A bana ne ya fara miƙa wa wani allura ya zura masa zare. Yana jin in an ce motar ta tsufa, da shi ake. Don haka ta kira Auta, 'yarsu ta ƙarshe, wadda ke aikin kanikanci a garejin wani kamfanin motocin bas.

Auta ta iso ranar Asabar da hantsi. Ta buɗe gaban motar, ta saurari inji, ta taɓa nan ta taɓa can, ta rufe.

“Baba, lafiyar Gwaggo ƙalau. Ɗan ƙarfin da aka yi ta da shi yana nan. Duk kayan nan da ka sauke, wajen tashi da hawan tudu kawai za su taimake ka. A miƙaƙƙiyar hanya ba nauyi ne ke riƙe ta ba, iska ce.”

“Iska? Wace iska? Ko ganye ba ya motsi yau.”

“Shiga mu je, ka gani.”

Suka mayar da safaya, Umma ta shiga baya da jakarta. Da suka hau titi, Tela yana tuƙi, Auta ta ce ya fitar da tafin hannunsa ta taga. A ashirin ya ce bai ji komai ba. A arba'in ya ce ana ɗan tura shi. A tamanin hannun ya koma baya da ƙarfi, har ya yi salati.

“Ka gani? In ka ninka gudu, turin ba ninkawa yake ba, huɗu yake zama. Inji yana turawa gaba, iska tana turowa baya. Inda ƙarfinsu ya zo ɗaya, nan mota take tsayawa, ko ka taka totur ya fasa ƙasa. To wannan tafin hannunka ne kawai. Allon da ke sama tafi nawa ne?”

Tela ya ce, “Wato shekara goma sha ɗaya da hannuna nake riƙe ta.”

Suka tsaya wurin mai faci aka ƙara wa tayoyi iska. Uba da 'ya suka kwance allon da kariyar, suka bar su a wurinsa. Auta ta sa aka ɗaga gilasai duka. Ta kuma gargaɗe shi kada ya sa giya ta biyar, domin a nan injin zai kwanta, ƙarfinsa na gaske a ta huɗu yake.

Sabuwar hanyar bayan gari a miƙe take, babu kowa sai wata babbar mota can nesa. Gwaggo ta wuce tamanin da biyar ba ta ko waiwaya ba. Casa'in. Inji ya kama wani kuka da Umma ba ta taɓa ji ba, madubi yana rawa. Ita da ko jikokinta ba ta bari su yi gudu a tsakar gida, sai ga ta ta dafa kujerar gaba tana cewa, “Taka, Malam! Taka mana!”

A casa'in da biyar ya ɗage ƙafa. Ya gangara gefen hanya ya tsaya.

“Za ta iya,” in ji shi, bai dubi kowa ba. “Ni ne dai. Layin titin nan biyu nake ganinsa.”

Auta ta buɗe baki, Umma ta girgiza mata kai. Ta miƙa hannu ta gyara masa hular da ta karkace.

“Ai dama babban mutum baya yake zama. Ka koya wa yarinya tuƙi tun tana leƙen titi ta cikin sitiyari, ka ƙi cin moriyarta? Dawo nan kusa da ni.”

Ya zagayo ya zauna yana gunagunin cewa kujerar baya ta yi tauri. Auta ta karɓi motar. Ta bi da ita a hankali har casa'in da takwas, inda Gwaggo ta daɗe tana shawara. Tela ya duƙo yana leƙen agogon gudu ta kafaɗar 'yarsa, ya damƙe hannun Umma bai ma sani ba. Casa'in da tara. Ɗari. Ɗari da biyu, daga nan ta ƙi ƙara ko ɗigo.

“Ɗauki hoto! Ɗauki hoto!” ya yi ihu. Umma ta ɗauka, amma hannunta ɗaya yana wurinsa, sai kunnen Auta kawai ya fito.

A hanyar komawa suka bi ta wani filin ƙwallo da babu kowa. Umma ta ce a tsaya. Ta ce tunda idon Malam ya fara yi masa gardama, ita kuma nata ras yake, ba ta ga abin da zai hana ta koya ba. Motar ta mutu a hannunta sau huɗu, a na biyar ta tashi da tsalle. Ta zagaya filin sau uku a giya ta ɗaya, Auta tana nuna mata kuloci, Tela a baya yana ta faɗin ta rage gudu. Ranar Litinin ya je aka gwada masa tabarau.