Mutanen da Ke Bayan Dogo

Makarantu biyu suka ɗauke ni a mako guda, kuma tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. Ɗaya tana ƙasar da ƙanƙara ke zuba rabin shekara, ɗayar tana wata ƙasa ta bakin teku, inda aka ce zafinsu ya fi namu. Duka biyun haɗa magunguna zan karanta, duka biyun sun ɗauke mini nauyin karatun. Na je wurin malamar da ta taimaka mini da nema, sai ta ce, "Auta, karatun duk ɗaya ne. Ki duba inda za ki ji daɗin zama cikin ɗalibai, ki ba su amsa kafin ƙarshen wata."

A ganinta ta sauƙaƙa mini. Ni kuwa ɗaure mini kai ta yi. Tun da aka haife ni ban taɓa kwana ni kaɗai a ɗaki ba. Da yayyena mata nake kwana, kwano ɗaya muke ci, ko kanti aka aike ni sai na ja wata. Jarrabawa ba ta ba ni tsoro, baƙon yare ma zan koya. Abin da nake tsoro shi ne in je inda zan wuni ba wanda ya kira ni.

A gidanmu ba a shawara a ɓoye. Aka taru a shagon Baba, wanda gyaran firji ne sana'arsa, wani ya zauna kan akwatin kayan aiki, wani kan mataccen firiza. Na kunna musu bidiyon makarantun a waya. Duka biyun ɗalibai ne zaune kan ciyawa suna ta dariya, har na fara zargin ko mutanen ɗaya ne aka canza musu riga.

"Ni dai abin da na sani," in ji Baba, "nama ake sa wa a sanyi, ba mutum ba."

Yayana mai aski ya tsayar da bidiyon yana duba kawunan samarin. Ya ce ƙasar da ake irin wannan askin ba ta san ciwon kanta ba, amma ya kasa tuna wace ƙasar ce daga ciki. Mama ta ce a mayar mata wurin kicin, ta ƙura wa murhun ido, ta ce ita ba ta ga tukunyar kirki ko ɗaya ba.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta raba gardamar. "Ku bar hoto. Ba muna da mutane a can ba? A tambaye su mana."

Gaskiyarta. Ɗanta Dogo yana shekara ta biyu a ƙasar ƙanƙara. A bakin teku kuma akwai 'yar ƙawar Mama, wadda muke kira 'Yar Fara. Sai dai mu a gidanmu ba mu iya tambaya ba, gaisuwa muka iya.

'Yar Fara sai da muka yi ta kira kafin ta ɗauka. Fuskarta ta cika wayar, hayaniya kamar a kasuwa.

"Yaya karatu?" in ji Mama.

"Lafiya lau."

"Yaya zafi?"

"Da sauƙi."

"Yaya mutanen wurin?"

"Alhamdulillahi. Mama, ku yi haƙuri, ana jirana, zan kira."

Wani hannu ya shigo ya janye ta. Har yau muna jiran kiran.

Dogo kuwa ranar Lahadi muka same shi, ranar da suka saba magana da Gwaggo, bugu ɗaya ya ɗauka. Karatu lafiya lau, sanyi da sauƙi, mutane alhamdulillahi. Amma shi bai yi sauri ba. Ya gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ƙafar Mama, ya tambayi har magen shago. A bayansa wani ƙaton zaure ne mai fitilu, mutane suna kai da komo, wasu da kofin shayi, wasu da jaka a baya, wasu 'yan mata sun haɗa kai suna dariya.

"Kun gani?" in ji Gwaggo tana gyara zama. "Kullum haka nake ganinsa, cikin jama'a."

Nan take Mama ta yanke hukunci: ƙasar teku ta ɓata 'Yar Fara, ta koya mata katse manya, ƙasar ƙanƙara kuwa ta ƙara wa Dogo hankali. Kowa ya bi bayanta sai Baba, wanda ya tsaya kan maganar namansa.

Ni kuwa aka bar ni da "lafiya lau" guda biyu, in zaɓi ɗaya. In tashi da safe ina ƙasar ƙanƙara, kafin azahar na koma bakin teku. Har hannu na zura cikin firizan da Baba ya gama gyarawa, wai in ji ko zan iya. Na ciro shi ja wur, ban ƙaru da komai ba. Haushin kowa nake ji, na kaina ya fi yawa.

Ranar Laraba da rana Baba ya fita aiki ya bar mini jiran shago, sai na kira Dogo ni kaɗai. Bai ɗauka ba. Ya rubuto cewa in ɗan ba shi lokaci. Da ya kira, yana haki, hancinsa ya yi ja, ga zauren nan a bayansa cike da mutane.

"Yaya Dogo, don Allah miƙa wa ɗaya daga 'yan matan nan na bayanka wayar."

"Me za ta yi miki?"

"Tambayar mata ce. Wa ke yi musu kitso, su nawa ne a ɗaki, irin wannan."

Ya waiwaya ya dube su, ya juyo. Ya yi wata 'yar dariya wadda ban san shi da ita ba.

"Ban san su ba, Auta."

"To wani abokinka."

"Ban san kowa a nan ba. Tashar jirgin ƙasa ce."

Na ɗauka zolaya ce, don Dogo tun muna yara ba a gane wasansa. Sai ya juya wayar. Ga allon lokutan jirage, ga matakala, ga mutane suna gangarawa, ba wanda ya ko kalle shi.

"Nan nake zuwa in zan yi waya da gida," ya ce. "Da farko daga ɗaki nake kira, sai Umma ta yi ta tambaya ina mutane, ta ƙi cin abinci. Ranar da na kira daga nan ta ce hankalinta ya kwanta. Shi ke nan na ci gaba."

"To 'yan ajinku fa?"

"Mutanen kirki ne. Ana tashi kowa ya rataya jakarsa. In kana son ganin mutum sai ka nemi rana tun da wuri. Tun Lahadin nan, ke ce ta farko da na yi wa magana, in ban da mai kanti."

Bakina ya buɗe da kansa, na ji na ce, "Yaya sanyi?"

"Da sauƙi," ya ce, sai muka fashe da dariya, ni tawa har da hawaye.

"To ka ba ni shawara, Yaya."

"Kada ki zo. Ke da ko ruwa ba kya sha ke kaɗai." Ya dubi masu wucewa. "Ko da yake in kin zo, ai mun zama biyu. Akwai wani wuri da ake sayar da shinkafa mai kyau, zan kai ki." Ya shafa fuska. "A'a, manta da wannan. Kada ki zo. Kuma don Allah kada Umma ta ji."

Na ajiye wayar kaina ya ƙara ɗaurewa. Yanzu na gane 'Yar Fara ba rashin kunya ta koyo ba, mutane ne suka yi mata yawa. Amsar da nake nema ke nan, ƙarara. Amma ga ɗan'uwana tsaye a tasha, ya ce kada in zo, ya ce in zo, kuma duka biyun da gaske yake.

Ana gobe wa'adi zai cika na zaɓi bakin teku. Mama ta ce wane irin abu ne wannan, bayan duk binciken da aka yi. Gwaggo ta ɓata rai, ta ce ga ɗan'uwa cikin jama'a, na zaɓi bare. Na sunkuyar da kai na ce sanyi nake tsoro. Baba ya wuni yana faɗa wa masu kawo gyara cewa a gidan nan Auta ce kaɗai ke jin magana.

Da la'asar na kira Dogo daga shago. Wannan karon daga ɗakinsa ya ɗauka, farin bango da gado ɗaya.

"Kin yi daidai," ya ce. "Wallahi kin yi daidai."

Ban ji na yi daidai ba. Ji na yi kamar na ga mutum a ruwa na ɗaga masa hannu na wuce.

"To sai an jima, Yaya."

"Dakata. Muryar Kawu nake ji?"

"Shi ne. Faɗa suke da wani, wai firjinsa ya koma yin ƙara."

"Kada ki kashe. Ajiye ni a gefe kawai, ki ci gaba da harkarki."

Na jingina wayar da gwangwanin kusoshi, na juya ta wajen ƙofa. Baba yana rantsuwa, mai firji yana rantsuwa, babura suna wucewa. Da na leƙa can an jima, Dogo ya ɗauko farantinsa ya matso kusa da wayar yana ci.