Baƙin Mai a Rijiyar Kaka

Ranar da guga ya fito da ruwa yana ƙyalli kamar an ɗiga masa man gyaɗa, Kalsum ba ta tambayi kowa ba. Ta sansana, ta ji warin gareji, ta gyara ɗaurin zani ta fice ranta a ɓace.

Kakanta soja ne ya haƙa rijiyar nan a Agege ta Legas, kuma da ita take dama kokon sayarwa. Jabir makaniken da ke bayan katanga ta nufa, ta wanke shi tas a gaban direbobin danfo, motocin haya.

"Kai ke tsiyaye mai a ƙasa, abi ƙarya nake?"

"Hajiya, ga nawa can a durom. Ko ɗigo ba na zubarwa."

Ta ce ƙarya yake, shi da durom ɗin.

Sai ta kira Bushra, 'yar ƙaninta mai aikin gwajin ƙasa. Bushra ta zo da ƙarfen huda, ta bi gidan rami rami. Ta wajen Jabir ƙasa fes. Ta wajen masai kuwa, baƙa ƙirin.

"Gwaggo, daga cikin gida ne. Ruwa a nan kusa yake. Mai ya bi ruwan damina ya sauka, ya kwanta a kan na ƙasa, ya gangaro rijiya. Sai an kwashe ƙasar, a cakuɗa ta da kashin kaji, a yi ta juyawa har ƙananan halittun ciki su cinye man. Rijiya kam a rufe, shekara ko fiye."

Kalsum ta tara 'yan haya tana huci. Almu, baƙon da ya zo daga ƙauyen Daura bara, ya ɗaga hannu, fuskarsa ko alamar laifi babu.

"Ni na zuba baƙin mai a masai. A garinmu haka ake kashe wari da kyankyasai, rijiya ba ta ji."

"Rijiyarku gaba nawa?"

"Ashirin."

"Tawa huɗu, ɗan banza."

"Ke kika ce in yi maganin warin, Hajiya. Har albarka kika sa mini."

Ta tuna. Har kofin koko ta ƙara masa ranar. Ta rasa wanda za ta zaga.

Washegari ta ɗauki bokiti, famfon da ke kawo ruwa a layin kuwa ɗaya ne, a garejin Jabir. Ya gan ta, ya ture durom daga hanya, ya buɗe mata famfon. Da zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi.