Akori-kurar Mai Ƙwai

Tun ranar da wata mota ta yo baya tana ta hon Baba bai ji ba, har ta goge masa kafaɗa, babban ɗansa ya kafa doka: daga yau tsoho ya daina taɓa mota. Garejin kuwa Baba ne ya kafa shi, da sifana uku da jek na aro. Yau ga ɗan da ake kira Injiniya, don ya yi kwas na wata shida, yana nuna masa benci. Abin ya ci wa Baba rai, kuma bai ɓoye ba.

Ana haka sai ga wata mai sayar da ƙwai ta dawo karo na uku da akori-kurar da ta saya ta hannu. Injiniya ya riga ya canza mata shokozoba mai rage girgiza, ya sa sabon birki a gaba, amma ciwo na nan daram.

"Ina taka birki sai ta fizga hagu kamar akuya ta hango dusa," in ji ta. "Baya kuma, kowane rami sai na yi asarar kiret guda."

Baba bai ji rabin maganar ba, amma ya ga yadda hannunta ke karkata. Ya miƙe.

"Baba, don Allah ka zauna," Injiniya ya ɗaga murya. "Motar da ba ka jin kukanta, yaya za ka gane ciwonta?"

"Kai da kake ji, me ka gano sau biyu?"

Bai jira amsa ba. Ya dafa ya hau bayan motar, ya tuɓe riga, ya kwanta rigingine a kan ƙarfen. Ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce wa mai ƙwai, "'Yata, tuƙa. Bi titin nan mai ramuka, ki taka birki sau biyar, kada ki tausaya mini."

Ta dubi Injiniya, ta dubi tsoho, ta tayar da mota.

Ramin farko ya girgiza shi har haƙora, na biyu ma haka. A na uku ya kama abin da yake nema. Daga dama bugu ɗaya ke zuwa ya wuce. Daga hagu kuwa biyu ne, na biyun ƙarami, yana sukarsa daidai ƙugu. Baba ya yi dariya shi kaɗai yana kallon wayoyin lantarki na wucewa a sama.

Da suka dawo ya sauko yana ɗingishi, ya ƙi hannun da ɗansa ya miƙa masa. Ya kai bayan hannu kusa da ƙarfen tayar gaba ta hagu, ya janye da sauri saboda zafi. Ya zaga ta dama ya dafa, sanyi ƙalau.

"Birkin dama ba ya kamawa. Mai ba ya isa gare shi, tiyon ya toshe. Na hagu shi kaɗai ke dakon motar, dole ta bi shi." Ya durƙusa wajen tayar baya, ya kankare wani sabon baƙin fenti da ƙusa. "Zo, Injiniya. Sifirin da ke ɗauke da nauyin baya ya tsage, wanda ya sayar mata ya shafe da fenti."

Injiniya ya sunkuya. Gani ya kori ji, tsagar ta kai tsawon yatsa.

"Ni dai Baba zai gyara mini," in ji mai ƙwai, "ko in ɗauki motata."

Injiniya ya matso dab da fuskar ubansa. "Na yarda ka fi ni, Baba. Amma in wata motar ta sake tahowa ba ka ji ba fa?"

Baba ya ga tsoro a idon ɗan, ba raini ba, har tausayinsa ya kama shi. Amma tausayi daban, benci daban.

"To ka tsaya ka ji mini. Kunne kake da shi, yi aiki da shi."

Ya ja kwali ya shige ƙarƙashin motar. Daga can ƙafafun Injiniya kawai yake gani, suna kai da kawowa, ya san har yanzu magana yake yi. Baba ya kafa sifana a kan noti ya murɗa, bai ji ko kalma ɗaya ba. Can ƙafafun suka daina yawo, suka zo suka tsaya tsakaninsa da ƙofar garejin.