Za Su Cire Kan Ɓauna

Ina kwance ƙarƙashin motar Lauya, sifana a hannu, baƙin mai na ɗiga kusa da kunnena. Sau uku ina kama noti ɗaya yana zillewa. Hankalina ba ya wurin.

Gobe da safe zan fara koyon gyaran motocin batir a sabon shagon kamfanin da ke ƙera irin wannan motar. Kawu bai sani ba. Shi ya riƙe ni tun rasuwar babana, shi ya koya mini aiki, kuma a garejinsa mota iri ɗaya tak ake taɓawa, mai tambarin kan ɓauna. Tun Litinin nake cewa yau zan faɗa masa.

A kan benci gardama ta riga ta kaure. Duk Lahadi haka suke, masu irin motar nan, ko da lafiyar motarsu lau.

"Ku duba da idonku," in ji Lauya, yana miƙa musu waya. "Daga baɗi kala uku kawai za su riƙa yi. Ƙarama, matsakaiciya, da doguwa. Duka batir. Suna ma sun daina sawa, sai lamba."

"Lamba?" Ɗan Tasi ya ce. "Mota ce ko ɗan fursuna?"

"Zamani ne, malam."

"To ina kan ɓaunar?"

"Ga shi nan. Layuka ukun nan."

Mai Fenti ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallo. "Wannan ai kyanwa ce ta yakushi bonet. In ka kawo mini haka, shafe shi zan yi in ba ka haƙuri."

Aka kwashe da dariya. Ni na sake kama notin.

"Ni abin da ya ƙona mini rai," Ɗan Tasi ya ce, "sun kashe mai gajeren bayan nan. Ita ta aurar da ni, ita ta kai matata asibiti haihuwar fari. Yanzu wani yaro mai siririn wando ya zauna a ofis ya soke ta."

"Ba ta sayuwa," in ji Lauya. "Ku da kuke kuka, waye a cikinku ya taɓa sayen sabuwa? Dukanmu sai ta tsufa a hannun wani."

"Kai ma taka gwanjo ce, Lauya, rage murya."

Kawu na can gefe. Ba ya shiga gardama da wuri. Ina jin shi yana wanke fulogi a gwangwanin fetur.

"Oga, kai ba ka ce komai ba," Mai Fenti ya ce wa Kawu.

"Me zan ce? Motar da ba ta magana, ta yaya za ta faɗa maka inda ke mata ciwo?"

"Na'ura za ka jona," Lauya ya ce. "Tambayi ɗanka mana. Ranar Laraba na gan shi a sabon shagonsu, an sa masa farar riga ana gwada shi. Har na ce, lallai Oga ya waye."

Gwangwanin ya yi shiru.

Na so ƙasa ta buɗe. Na zauna a ƙarƙashin motar kamar akwai sauran aiki.

"Fito," Kawu ya ce.

Na fito. Bai kalle ni ba. Ya zagaya ya tada motar Ɗan Tasi, ya buɗe bonet, ya miƙo mini doguwar sukudireba. Haka yake gwada kowa a garejin nan: ka ɗora bakinta a kan injin, ka manna ƙotar a kunne, ka faɗi abin da ka ji.

Na ɗora. Na rufe ido.

"Bawul ɗin silinda ta uku ya saki," na ce. "Kuma famfon ruwa ya fara kuka."

"Famfon ruwa?" Ɗan Tasi ya zabura. "Wata biyu da sa shi!"

Babu wanda ya kula shi. Kawu ya kashe motar.

"Shekara nawa na yi ina gyara maka wannan kunnen," ya ce a hankali. "Shi za ka ɗauka ka kai inda babu ƙara?"

"Kawu, motocin raguwa suke yi. Kai ma kana gani. Bara war haka layi har titi."

"Ban tambaye ka layi ba."

"In na tsaya, nan gaba me zan gyara?"

Ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa. Lauya ya soma cewa wallahi shi bai san ba a sani ba. Mai Fenti ya taka masa ƙafa.

"Yaushe?" Kawu ya ce.

"Gobe da safe."

"Gobe." Ya gyaɗa kai. "Ka gama ta Lauya tukuna. Ba a barin mota a kan jak."

Na koma ƙasa na gama. Na sauke ta, na wanke hannu da omo, na tsaya ina jiran ya ƙara wata magana, ko zagi ne.

"Makullin gareji yana wurinka," ya ce. "Ajiye shi a kan benci."

Na ciro shi daga zoben makullaina. Ya ƙi fita da wuri, sai da na sa farce. Mutum huɗu suna kallona.

Na ajiye. Na fita titi. Bas biyu suka tsaya a gabana, ban shiga ko ɗaya ba.