Hawainiyar Mai Zane

"Sake taka keken nan, maƙwabciya, amma a hankali."

Na sake takawa. Mai Zane na zaune a ƙofar shagona da bargo a kan gwiwa, 'yarsa Auta ta kara waya kusa da allura tana naɗar ƙarar. Shekara talatin ina ɗinki, ban taɓa zaton kekena zai shiga fim ba.

Auta da abokan aikinta biyu ne suka buɗe ɗan kamfanin rarraba finafinai a wani ɗaki saman kantin magani. Fim ɗinsu na farko ya kusa fita, ga shi ba su da tambarin nan mai motsi da ake nunawa kafin a fara fim. Sai ta roƙi babanta, wanda ya tsufa yana zana allunan shaguna, ya zana musu. A lokacin likita ya riga ya sallamo shi gida, ya ce a bar shi ya yi abin da ransa ke so.

Hawainiya ya zaɓa. Za ta bi reshe, ƙarar kekena ce takunta, a ƙarshe ta harba harshe ta jawo sunan kamfanin. Kullum da hantsi ina jiyo musunsu ta katanga. Auta ta kafe kan daƙiƙa bakwai, shi kuma ya ce duk hawainiyar da ta ƙetare reshe cikin daƙiƙa bakwai ƙadangare ne ya sake riga. Da hannunsa ya fara rawa, layukan suka yi ta karkarwa, ta ce za ta gyara a kwamfuta. Ya hana, wai dama haka hawainiya ke tafiya, kamar an aike ta inda ba ta so.

Kowane motsi da takardarsa. Saura takarda huɗu a gama, fensir ya gagare shi riƙewa. Ya aiko aka kira ni. Na ce ni ko kaza ban iya zanawa ba, ya ce mai yanka yadi ba ta rasa miƙaƙƙen layi. Na zauna a bakin gadonsa na zana harshen. Ya daɗe yana duban takardun.

"Wannan ai tef ɗin awonki ne," ya ce. "Lambobi kawai kika manta."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, amma bai yarda a sake ba.

Ranar Talata Auta ta ɗora masa kwamfuta a cinya. Hawainiya ta fito tana rangaji, kekena na ƙas-ƙas a bayanta. Ya sa aka maimaita sau shida, yana ƙirga daƙiƙoƙin da yatsu, sannan ya dubi 'yarsa ta saman tabarau.

"Tara na samu."

"Gyara na yi maka, Baba."

Ya ce a dai gaya wa hawainiyar kada ta saba. Ranar Alhamis da rana ya kwanta barci, bai farka ba. Allah ya jiƙansa.

Bayan mako guda na shiga taya Auta shara a ɗakinsa. A bakin taga ta tarar da ɗan faranti cike da fiƙar fensir. Ta ɗauka za ta juye a kwandon shara, sai kuma ta mayar da shi inda yake, ta ja tagar don kada iska ta kwashe.