Saƙon Yakaka

Nuriyya ta shekara huɗu tana aiki da wata ƙungiyar agaji a Haɗeja, tana zagaya ƙauyukan fadama wajen manoman shinkafa. Tana son aikin, amma ranar Litinin gabanta faɗuwa yake yi. Ranar ce shugaban ofis, Malam Haris, yake tara su, kowa ya faɗi yadda yankinsa yake. Wani abokin aikinta Shu'ibu ya taɓa cewa iri ya iso a makare. Malam Haris ya dube shi ya ce ba ya aiki da masu baƙin baki. Da wa'adin Shu'ibu na wata shida ya cika, ba a sabunta masa ba. Tun daga nan kowa ya iya bakinsa.

A tsakiyar damina Nuriyya ta je wani ƙauye gaba da Kirikasamma, inda ƙungiyar ta gina jinga don tare kogi. Wata tsohuwa mai bandar kifi, Yakaka, ta riƙo hannunta ta ja ta har gindin jingar. Ruwa yana tsattsafowa ta ƙasa.

"'Yar nan, kin gani? Ciyawa ta toshe masa hanya, ga shi yana neman wata. Ki gaya wa manyanku."

"Zan faɗa, Iya."

Ran Litinin Malam Haris ya shigo da fara'a, ya ce baƙi za su zo daga Abuja su ɗauki hoton wannan jingar. Da aka zo kan Nuriyya, maganar tana bakinta. Ta tuna mahaifiyarta da ƙannenta da suke ci daga hannunta.

"Komai lafiya, ranka ya daɗe," ta ce.

Kwana tara bayan nan jingar ta ɓalle.

Aka tura ta makarantar firamaren da aka tsugunar da mutanen ƙauyen. Tana raba tabarmi sai wata mata ta tsaya a gabanta, ta ce sunanta 'Yar'azumi, 'yar Yakaka ce.

"Mun yi mun yi da Iya ta biyo mu kan tudu, ta ƙi. Ta ce ta gaya miki, za a zo a gyara. Sai jiya masunta suka tsamo gawarta."

Babu zargi a muryarta. Har godiya ta yi da ta karɓi tabarmar.

Daga ranar Nuriyya ta daina cin kifi. A tsakiyar taro sai ta ji sanyin yatsu a wuyan hannunta, ta duba, babu kowa. Da abin ya ishe ta, ta shiga ofishin Malam Haris ta faɗa masa duka.

"Da kin faɗa mini," ya ce. Shi da ita sun san abin da zai biyo baya da ta faɗa. Can ya ƙara da cewa, "Kada wannan ya shiga rahoto."

Ta nemi a mayar da ita yankin Kafin Hausa, aka amince ba musu. Mijinta Muttaka ya ga tana ramewa, da hadari ya haɗo sai ta kasa zama wuri ɗaya. Ya ɗauka iska ce ta taɓa ta a bakin kogi, ya karɓo mata rubutu wajen malaminsu. Ta karɓi ƙoƙon da hannu biyu ta shanye, ta yi masa godiya, ta ɗauki jakarta ta fita aiki.